Inda Sanda Ta Nuna

Litinin, 26 ga Agusta

'Yan fim sun zo gidanmu yau. Su biyu ne daga birnin Donostia: wata yarinya Garazi, ita ce mai ba da umarni, da wani dogo mai saɓe da kyamara, Beñat. Wai suna bin ƙauyuka suna ɗaukar wasannin ƙarfi, masu ɗaga dutse, masu yankan ciyawa, shanun jan dutse, yanzu an iso kan gatari. Sun ji cewa ƙanena Inaxio zai yi gasar saransa ta ƙarshe ranar bikin garinmu na San Migel, shi da Luterio na Gidan Gada, daga nan ya rataye gatari.

Ban ce kada su zo ba. Amma wa ya gaya mini? Na sauko daga wajen tumaki na tarar Kontxi, matar Inaxio, ta shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, har ta yanka cukun da ta ce na Kirsimeti ne. Ga baƙin wake ya nuna luguf. Wake ba ya nuna sai an jiƙa shi tun jiya. Ke nan kowa ya san da zuwansu a gidan nan ban da ni.

Yarinyar tana ce mini Baba. Ban haifa ba, ko aure ban yi ba, amma na ƙyale ta. Ta tambayi aikina, na ɗauko sandata a bayan ƙofa. Na ce mata mai sara yana tsaye bisa gungume ne, gumi a idonsa, yana sara tsakanin ƙafafunsa, ba shi da lokacin tunani. Ni ke durƙushe a gabansa, in taɓa itacen da bakin sanda in ce "Nan!", in janye, gatari ya sauka. Na ce tun kafin a haife ta muke haka, kuma hulunan nasarar da ta gani a bango kan Inaxio aka ɗora wa, amma idona ne ya ciyo su.

Ta ce abin sha'awa. Sai ta dubi Kontxi, Kontxi ta dubi tukunya. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Laraba, 28 ga Agusta

An canza ƙwan fitilar kicin. Wannan ko kyandir ya fi shi haske. Kontxi ta rantse ba ta taɓa shi ba. To, aljanu ne ke mana tsimin wuta.

Talata, 3 ga Satumba

Sun ɗauki atisaye a tsakar gida. Gungume uku na itacen pago, ɗanye shar, ni na kwaɓe ɓawonsa. Inaxio bai yi laifi ba, ga mai shekara hamsin da tara.

Abin da ya dame ni wurin da suka kafa kyamarar. Duk mai hankali a ƙasa zai ajiye ta, inda aikin yake. Su kuwa sai suka ɗaga ta sama, ko su koma bayan Inaxio. Sau biyu ina cewa su sauko su ga sandar, Beñat yana cewa, "To Baba, yanzu," bai kuma sauko ba.

Da aka gama na zaga bayan rumfa wanke hannu, sai na jiyo muryar Inaxio ƙasa-ƙasa. Ban ji duka ba. "...fuskarsa ba komai, amma ita kada ta fito..." Garazi ta ce, "Na yi maka alkawari ai." Da suka ji tarina sai suka koma zancen ruwan sama.

Ita wa? Kontxi ta fito, tumaki sun fito, har karyar gidan ta fito. Mece ce kuma ta rage?

Asabar, 7 ga Satumba

Kasuwar Tolosa. Ina wucewa sai aka fizgo mini riga, ashe Xeberiano ne mai barkono. "Bittor! Ka shiga fim ka daina gaisuwa? Tun daga bakin gada nake ɗaga maka hannu kamar mai korar ƙuda." Na ce ban gan shi ba. Ya ce, "Ni? Da wannan tumbin?" Ƙarya yake, yana son a ce na yi girman kai ne.

Amma ya faɗi wata magana da ta bi ni har gida. Wai ɗan ƙanwarsa mai ɗaga dutse, wasu sun taɓa yini uku suna ɗaukarsa, da fim ya fito sai ƙeyarsa kawai aka gani. "Almakashi gare su, Bittor. Wanda aka ce su yanke, su yanke."

Wanda aka ce su yanke.

Ni na fara riƙe gatari a gidan nan. Itace ya faɗo mini a kafaɗa ina saurayi, shi ke nan. Babanmu ya miƙa wa Inaxio gatarinsa, da ya yi aure ya miƙa masa gidan, tunda mutum ɗaya ke gadon gida. Ni aka bar mini ɗakin sama da sanda. Ban taɓa ƙorafi ba. (Na yi, amma ba da yawa ba.) Yanzu ita ma sandar, Inaxio yana so a goge ta, don jikokinsa su kalla su ce kakansu shi kaɗai ya yi komai. Raina ya ɓaci ƙwarai, ko abincin dare ban sauko ba.

Alhamis, 12 ga Satumba

Kontxi, tana fere dankali, ba ta ko ɗago kai ba: "Yaya Bittor, ran Talata zan kai mamata wajen likitan ido. Ka zo mu je mana a duba ka, tunda akwai wuri a mota."

Talata! Ranar da za a shiga daji da kyamara zaɓen itace. Wato a kwashe tsoho a kai shi asibiti, a ɗiga masa magani a ido, su kuma su yi abinsu. Na ce mata idon da ke gane ƙulli a cikin itace tun ba a kwaɓe ɓawo ba, shi za a duba? In magana gare ta ta fito fili, ni ba a yi mini hannunka-mai-sanda, sandar a hannuna take.

Ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri," ta ci gaba da ferarta.

Talata, 17 ga Satumba

Na je dajin. Hazo ya yi yawa yau, ko da yake Beñat ya ce shi bai ga hazo ba. Mutanen birni.

Juma'a, 20 ga Satumba

Garazi ta kawo ɗan abin da suka haɗa, ta kunna mana a kwamfuta bisa teburin kicin. Sai da na matso sosai, wannan fitila ta banza.

Ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ga sassaƙe yana tashi a hankali, ga ƙarar gatari kamar a cikin ƙirjina. Ga ni ma, hulata, gemuna, bakina yana cewa "Nan!" Daga wuya zuwa sama. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka wani tsoho ne ya zo kallo yake ihu.

Na tashi daga tebur. Na bi Beñat waje yana loda kaya a mota, don na lura shi cikinsa ba ya riƙe magana. Na ce ina sandata? Ya yi ta sosa ƙeya. Na ce ko dai bai iya aikinsa ba ne? Nan ya ji haushi, ya ce, "Ba laifina ba ne, Baba. Sandar da gatarin ne ba sa sauka wuri ɗaya, shi ya sa aka ce..." Sai ya haɗiye sauran.

To! Biri ya yi kama da mutum. Ashe ba goge ni kawai Inaxio yake so ba, ya ma daina bi na. Ina durƙushe gwiwata na ciwo ina nuna masa hanya, shi yana sara inda ya ga dama, sannan ya sa a ɓoye don kada duniya ta ga ya raina yayansa.

Lahadi, 22 ga Satumba

Bayan an taso coci, a kan tebur, gaban kowa. Garazi ma tana nan, gara haka.

Na faɗi duk abin da ke cikina. Na tuna wa Inaxio wa ya koya masa tsayuwa bisa gungume, wa ya ɗauke shi a baya ranar da ya sare ɗan yatsan ƙafarsa. Shi dai sai cewa yake, "Yaya, ci abincinka ya huce." Kontxi ta buɗe baki, ya ɗora hannu bisa nata, ta rufe.

Na ce abu biyu nake so. Ranar San Migel kyamara ta sauko ƙasa ta ɗauki sanda. Shi kuma ya rantse da kabarin Babanmu, inda na nuna nan zai sara. In ba haka ba ya nemi wani mai nuni, ni kuma in nemi wani ɗaki.

Ya daɗe yana juya cokali. Sannan ya ce, "Ko ina ka nuna?"

Na ce ko ina.

Ya ce, "To, Yaya. Na rantse."

Kontxi ta tashi ta shige ciki tana share ido, wai albasa. Babu albasa a abincin yau.

Asabar, 28 ga Satumba

Inaxio ya wasa gatura. Na Babanmu zai fara da shi. Na gwada da babban yatsa, aski ma sai haka. Gobe Luterio zai gane kurensa.

Lahadi, 29 ga Satumba

An kayar da mu.

Litinin, 30 ga Satumba

Bari in rubuta, ko na samu ya fita daga kaina.

Dandali ya cika, har bisa katangar wasan ƙwallon hannu mutane ne. Gungume shida-shida, aka jefa ƙuri'a. Beñat ya kwanta rub da ciki kusa da ni da kyamararsa, na ji daɗin wannan.

Tun gungumen farko na ji ƙarar ba ta yi mini ba. Gatari yana shiga yana cijewa, sai ya fizge shi da ƙarfi. Sassaƙen da ya kamata ya fito fala-fala kamar faranti, sai ɓarɓashi. Na ɗauka gajiya ce, na yi ta masa tsawa, "Nan! Nan na ce!" Shi kuwa bayan kowane sara sai in ji, "To, Yaya." Muna kan na biyu Luterio ya hau na uku.

A na huɗu ne. Na nuna, na janye, sai na ji ƙwal! kamar an bugi ƙarfe. Bakin gatarin Babanmu ya ɓalle, ɓallin ya wuce ta gefen kunnena. Wani daga sama ya ɗaga murya: "Kai Inaxio, ka makance ne? Ƙulli fa!" Wasu suka yi dariya, wasu suka ce ya rufe baki.

Bai waiwaya ba. Ya karɓi wani gatarin ya ce, "Nuna, Yaya."

Luterio ya gama tun tuni, aka ba shi hula. Bai sa ba, ya riƙe ta a hannu yana tsaye har Inaxio ya raba gungumensa na ƙarshe. Wannan na yaba masa. Inaxio ya sauko numfashinsa kamar zai tsinke, ya miƙo hannu ya tashe ni, don gwiwata ta ƙi. Ya ce, "Sannu da aiki."

An cuce mu a itacen nan. Surukin Luterio yana cikin masu shirya biki. Wa ya san yadda aka yi ƙuri'ar? Gobe zan je in duba da kaina.

Talata, 1 ga Oktoba

An tara guntayen a bayan katanga. Na nemo namu na huɗu, da fenti ja a gindinsa. Itace lafiyayye, ɗanye, iri ɗaya da na Luterio, na shinshina duka biyun.

Na shafa wurin saran. Bakinsa a tsuke, ko rabin faɗin da ya kamata bai kai ba. Wanda ya fara koyo jiya ma ba zai buɗe gungume haka ba. Sai yatsana ya ci karo da shi. Ƙulli, ya kai dunƙulen hannu, a sarari, ba a ɓoye cikin itace ba. Na duba ban ga komai ba, fari-fari kawai. Sai da na sunkuya hancina ya taɓa itacen sannan ya fito, baƙi ƙirin, da sawun gatari a tsakiyarsa daidai.

Na zauna a wurin har aka buga ƙararrawar rana tsaka.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Na sa an kira Garazi. Na ce ta nuna mini wanda ba a yanke ba, duka, ta kuma ƙara masa girma. Ta dubi Kontxi. Kontxi ta ce, "Nuna masa. Na gaji."

Ashe ranar atisaye, kafin Inaxio ya ja ta bayan rumfa, sun ɗauki sandar daga sama. Ta sa hoton yana tafiya a hankali. Ga bakin sandata ya taɓa itace. Ga gatari ya sauko, yatsa uku gefe, wani lokaci tafin hannu guda, daidai inda ya kamata. Ga bakin Inaxio yana cewa "To, Yaya." Haka, haka, har gungume ya rabe tsaf.

Sannan ta sa na ranar biki. Inda sanda ta taɓa, nan gatari. Ko gashi ɗaya bai kauce ba. Ban taɓa ganin mai sara ya bi sanda haka ba, ko muna samari. A na huɗu an ga sandar ta hau kan ƙullin, an ga ya ɗaga gatari ya ɗan tsaya a sama. Ya gani. Sannan ya sauke.

An ce gani ya kori ji. Ni sai da aka kawo mini shi dab da hanci.

Na tambayi Kontxi tun yaushe sandata take kaucewa. Ta ce bikin bana ne na uku. Na ce me ya hana a gaya mini? Ta ce, "Wa ya isa? Ka taɓa barin wani ya kai ƙarshen magana a gidan nan? Kuma shi ya hana. Ya ce sandar nan ita kaɗai aka bar maka."

Na sami Inaxio a garken tumaki yana yanke wa wata kofato. Na ce ka ga ƙullin? Ya ce ya gani. Na ce ka sara? Ya ce, "Ka ce ko ina." Na ce masa jaki. Ya ce, "Ƙanen wa?" Na riƙe masa ƙafar tunkiyar har ya gama. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Asabar, 19 ga Oktoba

Tolosa. A shagon shayi na ji wani ya zubar da kofi, abokinsa ya ce masa, "Ka sari ƙulli kamar Inaxio." Aka kwashe da dariya. Ba su lura da ni ba, ko sun lura. Xeberiano ya ce abin ya zama karin magana har a garin Azpeitia, wai idon Inaxio ya tafi shi ya sa ya ajiye gatari.

Shekara da shekaru yana ciyo huluna, da wannan za a tuna shi. Kuma ba zai taɓa buɗe baki ya gyara ba, na san shi.

Litinin, 21 ga Oktoba

Na buga wa Garazi waya, Kontxi ta danna mini lambobin. Na ce ta sa sandar a fim, na atisayen da na bikin, a jere, a hankali kamar yadda ta nuna mini. Ta ce, "Baba, kowa fa zai gani." Na ce ashe ba don a gani ake yin fim ba? Ta ce ta yi wa Inaxio alkawari. Na ce sandata ce ko tasa?

Ban yarda da ita ba har yanzu. Tana da tausayi, masu tausayin nan su suka fi iya munafunci. Na ce sai na gani kafin kowa.

Talata, 14 ga Janairu

Na raka Kontxi Donostia sayen takalmi. Tunda asibitin yana kan hanya, kuma wai tun kaka ta sa sunana a layi ban sani ba. Yanar ido ce, in ji su. Sun cire ta idon dama. Ba wani abu ba ne, an fi daɗewa wajen aski.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Jiya da yamma aka nuna fim ɗin, ɓangaren garinmu, a zauren taro. Na zauna a layin baya, don yanzu ba sai na matsa ba.

Ta cika alkawari, yarinyar. Sandata ta fito ƙatuwa, ta cika bango, tana ɗan rawa, ban san hannuna yana rawa haka ba. Ta hau kan ƙullin. Ba dariya ko ɗaya a zauren. Da gatari ya tsaya a sama na ji wata mata ta ce "Wayyo." Da aka kunna fitilu Luterio ne ya fara tasowa, ya zo ya cire hularsa a gaban Inaxio, ya koma. Ni ba wanda ya dube ni da yawa. Xeberiano ne kawai ya ce gemuna ya fi kyau a bango.

Inaxio ya yi fushi, wai an tona masa asiri. Ya yi furfura sosai. Yaushe ya yi ta? Kontxi ma. Rubutun da na yi a farkon littafin nan kuwa, kowane baƙi kamar sawun saniya.

Ƙwan fitilar kicin na hau kujera na duba. Shi ne dai na da, har da ɗigon fentin da na yi masa bara waccan. Ban gaya wa Kontxi ba, ba sai ta ji komai ba.

Yau da hantsi na fito da gatarin Babanmu da dutsen washi. Giɓin yana da zurfi, zai ci sauran sanyin nan kafin bakin ya dawo. Sanda tana bayan ƙofa, ta yi amfani wajen kora tumaki. Ina cikin gogawa Inaxio ya zo ya durƙusa a gabana, gwiwarsa ta yi ƙara. Ya daɗe yana kallo. Sai ya sa yatsa a bakin ƙarfen ya ce, "Nan, Yaya."

Ina ganin wurin sarai, kuma a ganina ya ɗan kauce gefe. Na ce to, na goga inda ya nuna.